Ihun da Ya Makara

Ina shara na ga ƙaramin yatsan ƙafar Baba ta dama ya leƙo ta gefen silifa, ya karkace kamar mai fushi da 'yan'uwansa. Ya kumbura, ya yi baƙi. Shi kuwa Baba yana zaune a benci yana sauraron rediyo.

"Baba, me ya sami yatsanka?"

Ya sunkuya ya duba. A fuskarsa na gane yanzu ne ya fara ganinsa.

"Au. Ƙafar gado na buga jiya. Ba komai."

"Ka kwana da shi haka?"

"Digirin naki na likitanci ne? Ƙarasa shararki."

Umma ce ta tsaya masa a ka har ya yarda in raka shi asibiti. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin kwali, mutum talatin da safe, talatin da yamma. Asibitin kamfanin muka je, inda likitan da ke sa hannu a takardar lafiyar direbobi duk shekara yake aiki.

Nas na ganinsa ta yi dariya. "Direba! Kai mai kai mu, yau kai aka kawo?"

"Mota ma tana shiga gareji, 'yar nan."

Aka yi hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi wajen haske ya nuna mana. "Bai karye ba. Gaɓar ce ta goce, rabi a ciki, rabi a waje. Zan ja in mayar, in ɗaure shi da maƙwabcinsa. Bari a yi maka allurar kashe zafi."

"Bar allurar nan, likita. Ja kawai."

Baba ya kwanta yana kallon fanka. Nas ta tsaya tsakaninsa da ƙafar, ta dafe masa gwiwa. Likita ya kama yatsan, ya ja, ya murɗa kaɗan. Na ji ƙas. Baba ko gezau, idonsa na bin fanka. Likita ya saki ƙafar, ya juya ya ɗauko auduga, ya ce wa nas, "Riƙe shi da kyau."

Sai Baba ya runtse ido ya ƙwalla ƙara. "Wayyo! Likita, a hankali!"

Babu hannun kowa a yatsan.

Nas ta janye hannunta daga gwiwarsa. Likita ya ajiye audugar, ya buɗe aljihun tebur, ya fito da wani siririn zaren roba mai tauri.

"Rufe ido, Direba. Duk inda ka ji na taɓa, ka ce ka ji."

Ya taɓa babban yatsa, shiru. Ya taɓa tsakiyar tafin, shiru. Ya ɗaga hannu sama yana jira.

"Na ji," in ji Baba.

"Tun yaushe kake da suga?"

"Shekara tara. Ina shan magani."

"Da wace ƙafar kake taka birki?"

Likita ya juyo gare ni. "'Yata, ke kike gida da shi. Kin taɓa lura da wani abu?"

Baba ya buɗe ido ya kafe ni da su. Ban taɓa ganin roƙo a idonsa ba sai ranar. Na sunkuyar da kai ina kallon tayil. Na tuna fuskokin mutanen da ke ɗago mini hannu ta tagar bas ɗin idan ya bi ta layinmu.

"Watan jiya ya taka ƙusa," na ce. "Bai sani ba. Umma ce ta ga jini a safa."

Likita ya sa auduga tsakanin yatsun biyu, ya naɗe su da filasta ba tare da ya matse ba. Ya ce a canza kullum, a sa takalmi mai faɗin baki har mako shida, kuma a riƙa duba ƙafar da ido kowace safiya tunda ita ba za ta faɗa ba. Sannan ya zauna ya jawo wata takarda.

"Dole in rubuta wa ofis. Daga yau ba za ka tuƙa ba."

"Shekara ashirin da biyu ko kaza ban taɓa takewa ba."

"Na sani, Direba. Ni ma ka sha ɗaukata."

Ya miƙo mini takardar magani yana bayanin wanda za a sha da safe da wanda za a shafa. Ina gyaɗa kai, ba na jin komai. Sa'ad da na waiwaya, Baba ya sauka daga gadon, ya wuce nas, ya buɗe ƙofa. Na hango bayansa a baranda yana tafiya a miƙe, ko ɗingishi ba ya yi.