Ginshiƙin da Yaya Ta Sa Na Rusa

Tun da safe Yaya ta kasa zama. Ta ɗauki jakar takardunta ta ajiye, ta leƙa waje, ta dawo ta sake ƙirga shafukan da ta ƙirga jiya.

Ita injiniyar gine-gine ce, ni kuma birkila, ƙaninta. Shekara huɗu tana aiki a garinmu ba lasisi. Duk zanen da ta yi sai an kai birni, wani da bai taɓa taka filin ba ya buga masa hatimi. Kafin hukuma ta ba ta nata lasisin, dole injiniya mai rajista ya sa hannu a littafin ayyukanta. Ranar ce ta ƙarshe ta karɓar takardu, motar birni kuma ƙarfe biyu take tashi. In ta wuce, sai baɗi.

Mai rajista ɗaya ne a garin, tsohon da muke ce wa Baba Injiniya. Shi kuwa ba ya sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba. Sai na goya shi a babur, Yaya na binmu a wani.

Muka je kwalbatin bakin kasuwa. Ya zaro 'yar guduma daga aljihu, yana ƙwanƙwasa kankare yana kasa kunne. Muka je tankin ruwan asibiti, muka je azuzuwa uku na makaranta. Ko'ina sai ya tsaya gaisuwa.

"Baba, sha biyu fa ta gota," in ji Yaya.

"'Yar nan, kankare ma sai ya yi kwana ashirin da takwas yake ƙwari. Sauri ya haifi nawa."

Wajen ƙarfe ɗaya ya zauna a kan bulo, ya buɗe littafin, ya ciro biro. Sai kuma ya rufe.

"Duka masu kyau ne. Ina wanda ya ɓaci?"

"Babu, Baba."

"Shekara huɗu babu? To ko dai ba kya duba aiki, ko kina gani ki kau da kai. Wanne zan shaida?"

Yaya ta ƙi kallona. Na san dalili. Bara, a shagon mai magani, na zuba ginshiƙi da rodi huɗu maimakon shida, don rodi ya ƙare ga leburori suna jira. Ta zo ta ƙirga kawunan rodin da suka leƙo a sama, ta sa na rusa shi da hannuna a gaban kowa. Wata biyu ban taka gidanta ba. Ba ta sa shi a littafin ba don ta rufa mini asiri.

In wannan magana ta kai kunnen Baba, ta kai kasuwa. Na dubi agogo, na dubi Yaya tana murza igiyar jakarta.

"Baba, hau mu je," na ce.

"Auta, bari," ta ce.

"Ai ni na zuba, Yaya."

Gutsuren yana nan bayan shagon cikin ciyawa. Baba ya tsuguna ya ƙirga rodin da yatsa.

"Wa ya rusa?"

"Ni. Ita ta sa ni."

"Ƙaninki?" ya tambaye ta.

"Ciki ɗaya."

"To rubuta shi."

Ta ɗora littafin a kujerar babur ta rubuta. Ya sa hannu, ya hura wa hatiminsa iskar baki, ya danna.

Mun iske mota ta fara jan jiki. Yaya ta faɗa ciki da takalmi ɗaya a hannu, ko sallama ba mu yi ba.

Na goya Baba muka kama hanyar gidansa. Can ya ƙwanƙwasa mini kafaɗa da 'yar gudumar, a hankali.

"Kai, katangar gidana ta tsage. Ka zo jibi. Shida za ka sa, zan ƙirga."