Jini Don Hanne

Hafizu direban adaidaita ne, yana jigila tsakanin Gaya da ƙauyukan Ajingi. A sana'ar nan ya sha ɗaukar mata masu naƙuda da yara masu farankama, wato ƙarancin jini, zuwa asibiti, kuma ya sha ganin yadda dangi ke zarya a bakin ƙofa suna neman wanda zai ba da jini. Wata rana ya kai wata mata daga Balan, aka gwada mijinta da ƙannenta jininsu bai yi daidai ba, sai ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa. Matar ta rayu. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Naja'atu cewa zai buɗe zaure a WhatsApp, duk wanda ya yarda zai ba da jini saboda Allah ya shiga.

"Baban Afra'u, kana ganin mutane za su yarda?" in ji ta. "Da yawa tsoron allura suke."

"Ko biyar aka samu an rage."

Abin ya fi biyar. 'Yan acaɓa suka shiga, da malaman makaranta, da teloli, da samarin da ke karatu a birni. Abokinsa Muzammil, mai shagon cajin waya a bakin tasha, ya zama admin na biyu. A shekarar farko, da zarar Hafizu ya sa saƙon murya cewa ana buƙatar jini, kafin ya ajiye waya wani ya ce yana hanya. Har daga Gafasa ake kiransa, mutanen da bai taɓa gani ba.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko wani ya turo hoton yaro a gadon asibiti yana neman taimako, mutane suka tausaya, daga baya aka gano hoton na wata ƙasa ne. Sai zaɓe ya matso. Muzammil ya shigo da wasu 'yan takara, ya ce ai manya ne, za su amfani tafiyar. Zauren ya cika da fastar 'yan takara da zage-zage, da tallan atamfa, da bidiyon wa'azin da ake cewa a tura wa mutum goma. Hafizu ya cire wasu, aka ce ya ɗauki ɓangare. Ana cikin haka wani saƙon murya ya fara yawo, muryar da ba wanda ya santa, tana cewa jinin da ake karɓa a wurin talakawa birni ake kai shi a sayar, kuma masu zauren suna da kaso.

Hafizu ya yi rantsuwa a zauren, ya sake yi a masallacin unguwarsu. Ba wanda ya ƙaryata shi a fuska. Sai dai mutane ba su fita daga zauren ba, kashe ƙararsa kawai suka yi.

Da kaka, ana tsakiyar yankan gero, wayarsa ta yi ƙara da hantsi. Bappa Yusuf ne, wani dattijon makiyayi da rugarsa ke bayan Gafasa, wanda Hafizu ke kai wa matan gidansa ƙoren nono kasuwa.

"Ɗana, Hanne ce, matar yarona. Ta haihu da safe, jini ya ƙi tsayawa. Mijin yana kudu da shanu."

Hafizu ya sauke fasinjojinsa ya ba su haƙuri, ya juya. Hanyar rugar yashi ce, da ya ɗauko su sau da yawa sai da Bappa ya sauka ya tura. Hanne na kwance a baya, kanta a cinyar surukarta, jaririyar naɗe cikin zani a gefe. Ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta buɗe ido ta tambaya ko an ɗaure maraƙin da ke bin ta.

A asibiti ma'aikatan suka karɓe ta da sauri. Can wata nas ta fito ta ce sun yi abin da za su iya, amma sai an ƙara mata jini leda biyu, kuma nata irin wanda ba kowa ke da shi ba ne, babu shi a ajiye. Aka gwada Bappa, aka gwada Hafizu, babu wanda ya dace. Tsohuwar surukar tata kuwa nas ta dubi idonta ta ce ita ma kanta jinin bai ishe ta ba.

Hafizu ya fita ƙarƙashin bishiyar darbejiya inda sabis ya fi ƙarfi. Ya ɗauki saƙon murya, ya faɗi rukunin jinin, ya faɗi asibitin, ya ce mai jego ce, don Allah duk wanda ke kusa ya zo a gwada. Ya kuma rubuta, saboda masu ƙyuyar sauraro.

Amsar farko ta zo nan take: Allah ya ba ta lafiya. Ta biyu sitika ce ta hannaye biyu a ɗage. Sai amin, amin, amin. Wani ya turo bidiyon taron jam'iyya, saƙon Hafizu ya yi sama ya ɓace. Ya sake turawa. Wani ya tambaya ko an tabbatar gaskiya ne, don an sha cutar mutane. Hafizu ya duba ya ga yawan waɗanda suka buɗe saƙon, ya mayar da wayar aljihu, ya sake fito da ita.

Ya fara kiran waɗanda ya tuna jininsu irin nata ne. Ɗaya ya tafi Legas ci-rani. Ɗaya wayarsa a kashe. Wani tela ya ɗauka, ya ce mahaifinsa ya hana shi tun da aka yi maganar nan ta sayarwa.

"Kai ka san ƙarya ce, Datti."

"Na sani, Hafizu. Amma ka san Baba."

Ya kira Muzammil ya ce ya rufe shago ya zagaya tasha.

"Wallahi ina wurin taron Honorabul ɗan takararmu," in ji Muzammil. "Amma bari in sa a sitatus, mutane da yawa suna kallon nawa."

Hafizu ya hau adaidaitarsa ya tafi tashar da kansa. Rabin 'yan acaɓan suna gona. Biyu suka biyo shi, aka gwada, bai yi ba. Bappa Yusuf na zaune a ƙasa jikin bango da sandarsa a kan gwiwa, duk wanda ya shigo sai ya miƙe, in an wuce ya koma ya zauna.

"Ɗana, an ce kana da mutane da yawa a cikin wayar nan."

"Akwai su, Bappa."

"To, suna nesa ne?"

Hafizu ya sake fito da wayar ya duba.

Hanne ta cika bayan la'asar. Tsohuwar ta fito da jaririyar a hannu, ta zauna kusa da mijinta, ta faɗa masa da Fulatanci. Bappa ya yi salati, ya goge fuska da gefen rawani, ya tambayi Hafizu ko zai iya mayar da su gida kafin rana ta faɗi.

Ana shirin ɗora gawar sai ga wani mutum a kan babur, ƙafafunsa duk ƙasa, da ƙaiƙayin gero a wuyan rigarsa. Sunansa Gaji, manomi ne daga Balan, bai taɓa cewa uffan a zauren ba. Ya ce babu sabis a gonarsu, sai da ya hau tudu zai yi salla saƙon ya shigo, kuma jininsa irin wanda aka faɗa ne. Ya dubi abin da ke cikin adaidaitar, ya cire hularsa ya riƙe.

"Da na sani da na bar wayar a kan tudun," in ji shi.

Nas ta ce in ya yarda a ɗiba a ajiye wa wani. Ya shiga ya bayar. Bappa ya jira har ya fito, ya riƙe hannunsa ya yi masa godiya kamar an yi amfani da jinin.

Washegari bayan jana'iza Hafizu ya sanar da rasuwar a zauren. Ba a taɓa amsa wani saƙo kamar wannan ba. Mutanen da suka yi watanni ba a ji su ba duk suka fito da addu'a. Wani ya nemi hoton marigayiyar. Muzammil ya kawo shawarar a shirya taron wayar da kai a sa wa shirin sunanta, a buga riguna, Honorabul zai zo da kansa.

Naja'atu ta same shi a tsakar gida, abinci na gabansa bai taɓa ba.

"Ka rufe zauren nan, Baban Afra'u. Ka buɗe sabo da mutanen kirki."

"Su waye? Waɗannan ɗin su ne mutanen kirkin. Yawancinsu na san iyayensu."

Bai rufe ba, bai kuma buɗe sabo ba. Taron ma ba a yi ba, zaɓe ya wuce. Jaririyar ta yi 'yan makonni a hannun kakarta ana ba ta madarar shanu, sannan ta bi uwarta. Da rani ya kama Bappa Yusuf ya tashi da iyalinsa suka bi ɗansa kudu, sai turakun shanu aka bari a wurin.

Har yanzu akan kira Hafizu daga ƙauyuka, domin lambarsa ta riga ta yaɗu. Yakan je ya ɗauko mara lafiya. In an ce ana buƙatar jini yakan sa a zauren, amma ba ya tsayawa jiran amsa. Yakan gaya wa dangin tun a hanya su kira duk wani nasu da suke da shi, kada su dogara da wayarsa.