Fartanyar da Ta Koma Sakata

Damina ta kankama, amma wutar maƙerar Mannir a Bungudu ta kwana biyu a mace. Masu sayen fartanyarsa sun daina zuwa gona saboda 'yan bindiga. Wanda ya yi ƙarfin hali ma, rabin hankalinsa na kan daji. Fartanyoyin da ya ƙera tun bazara na jingine suna tsatsa.

Ranar nan ya zuba su a buhu, ya hau mota sai Gusau, shagon ƙanensa Mahadi mai walda. Ya tarar da shi ko zama ba ya samu, don duk wanda ya gudo daga ƙauye ya kama ɗaki, ƙofar ƙarfe yake fara nema.

"Yaya, ni fa tsoron nan ne ke ciyar da ni," in ji Mahadi, ya kasa haɗa ido da shi. "Kawo su, ƙarfenka na da ƙwari. Zan yanka in yi sakata."

Mannir na tsaye sai ga Malam Tambaya, manomin Tsafe da ya daɗe yana sayen fartanya a hannunsa, ya zo ɗaukar ƙofa. Suka gaisa sama-sama.

Tambaya ya zaro fartanya guda daga buhun, ya auna nauyinta yadda ya saba, ya shafa bakinta da babban yatsa.

"Kai, wannan da ta ci ƙasa," ya ce a hankali. Sannan ya miƙa wa Mahadi. "Da ita za ka yi mini tawa sakatar."