Hanjin da Ba Na Jefarwa Ba

A wani ƙauye da ke gefen Ɗambatta, in aka yanka rago, Inna Hure ake kira wankin kayan ciki. Hannunta ya san hanji. In ta juya shi ta ji ƙuraje masu tauri kamar tsakuwa, ba ta shawara da kowa, sai ta wurga wa karnuka.

To, ita ce yau zaune a asibiti a Kano, saboda ɗanta Abdulkabir yana ganin jini in ya zaga. Da haka ciwon dajin da ya kashe ubansa ya fara, kuma Abdulkabir kaɗai ya rage mata. Aka zura masa siririyar na'ura mai kyamara, aka leƙa hanjinsa. Da aka gama, Likita Sauda ta kira ta, ta juyo mata da kwamfuta.

Ga hanji yana sheƙi, a jikinsa kuwa 'yan ƙuraje fari-fari birjik kamar an watsa gero. Hure ta gyara mayafi, ta yi salati a hankali.

"Likita, kar ki wahalar da bakinki," in ji ta. "Na san wannan. Irin wanda nake jefa wa karnuka ne."

Likitar ba ta yi dariya ba. "Inna, na rago tsutsa ce ke kawo shi, shi ya sa yake da tauri. Duba waɗannan, sumul suke, girmansu ɗaya. Kowa da su aka halicce shi, har ni da ke. Su ke tare ƙwayoyin cuta, kuma sun fi fitowa a jikin matasa. Jinin kuwa basir ne. Na gutsuri kaɗan don gwaji, amma hankalina a kwance yake."

Hure dai ba a sayenta da daɗin baki. Ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bin su, kamar za ta ji taurinsu.

"Wato ba na jefarwa ba ne?"

"Na ajiyewa ne, Inna."

A waje ta tarar da Abdulkabir a kan benci ya yi laushi, tun jiya ba abin da ya shiga cikinsa sai maganin wankin ciki.

"Inna, yunwa," ya ce.

"Ji shi! Ƙato da kai!"

Ta kwance ƙullin dambun da ta taho da shi, wanda a ɗakin likita ta riga ta ɗauka ba mai ci. Sai da ta ga ya kai loma sannan hawayen daɗi suka zubo mata, ko sharewa ba ta yi ba.