Kafintan da Aka Yi Misali da Shi

A cibiyar binciken tattalin arziki inda take aiki, Dakta ake ce mata. A gida kuwa har yanzu Auta ce. Shekara biyu ta yi tana bin masu shan sigari da takardar tambayoyi, ita da ma'aikata shida, daga tashar mota zuwa ƙofar masana'anta zuwa rumfunan masu gyaran babur. Abin da ta gano shi ne, yawancin matasan da suka koyi sha da kara ɗaya suka fara, don kara ɗaya ba ya yi wa aljihu ciwo. Ta rubuta rahoto, ta ba da shawarar a hana sayar da sigari ɗaiɗai, sai dai kwali guda. Majalisar birni ta amince, doka ta fara aiki.

Bayan wata huɗu wani gidan rediyo ya gayyace ta hira. Aka shigar da ita ɗan ƙaramin ɗaki mai soso a bango, sanyi kamar cikin firij. Jar fitila na kamawa ta fara zuba alƙaluma, kashi kaza cikin ɗari, kashi kaza. Mai gabatar da shirin ya ɗaga mata hannu yana murmushi.

"Dakta, masu sauraronmu sun fara hamma. Ba mu misali, mutum mai jini a jika."

Ba ta shirya wa wannan ba. Ta lalubi kanta, mutum ɗaya ne ya faɗo mata.

"Na san wani kafinta," ta ce. "Shagonsa na bayan asibiti, dab da famfo. Yatsunsa biyu sun yi rawaya, kullum da tari yake buɗe shago. 'Yarsa na fama da asma, amma bai daina ba. Har cikin gwangwanin ƙusa yake ɓoye sigarin don kada matarsa ta gani."

Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta yi. Dariyar ta ƙara mata ƙarfin gwiwa.

"Irin waɗannan mutanen yau kawai suke gani, ba su da gobe a lissafinsu. Shi ya sa dole hukuma ta yi musu tunanin da suka kasa yi wa kansu."

Tana fitowa Farfesa, shugaban cibiyar, ya kira ya ce ba a taɓa bayyana aikinsu da kyau haka ba. Tana cikin mota kira na biyu ya shigo, na matar yayanta.

"Auta, kin san rediyon shagon yayanki ba ya mutuwa, ko? Duk layin sun ji." Muryar ba ta ɗaga ba. "Gwangwanin nan kuma na san da shi tun kina sakandare. Ni ce nake yi kamar ban gani ba."

Ta kashe wayar. Auta ta faka motar a gefen titi. Kafinta ɗaya ne a bayan asibiti dab da famfo, kuma shi ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, tana 'yar shekara bakwai. A kekensa take zuwa makaranta, ta zauna a kan wani katako da ya ɗaure mata a baya.

Kwana uku tana cewa gobe za ta je. A na huɗu ta ajiye motar nesa, ta shiga layin da ƙafa. Mai walda, maƙwabcin shagon Yaya, ya hango ta, ya ɗage baƙin gilashinsa.

"A'a, Dakta da kanta! Marasa gobe na gaisuwa!"

Masu zama a bencinsa suka fashe da dariya. Ta sunkuyar da kai ta wuce.

Yaya na kankare wata ƙofa, garin katako ya yi masa fari a gira. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yadda ya saba, ya tambayi aiki, ya tambayi maigidanta, ya tura mata kujera da ƙafa. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

"Riƙe min bakin nan," ya ce. Ta riƙe ƙofar, ya ci gaba da aiki.

"Yaya, na yi laifi."

"Ƙarya kika yi?"

"A'a."

"To. Yatsun ga su, tarin ma kin ji shi." Ya hure ƙurar da ke kan katakon. "Ni fatata ta yi kauri. Tun shekaranjiya Ba-Gobe suke kirana, har wanda ya zo karɓar teburinsa. Wannan ba komai, suna ne, zai tsufa. Ummi ce dai. Ta dawo daga makaranta tana kuka, wai yara sun ce an faɗa a rediyo ubanta ne ya sa mata ciwo. Jiya ba ta je ba."

Ummi ce 'yar tasa mai asma, shekararta goma sha ɗaya, mai sunan mahaifiyarsu. Auta ta tuna ita ce ta ɗauki yarinyar nan a hannu ranar da aka haife ta, kuma ita ce ta miƙa ciwonta ga duk wanda ya kunna rediyo, don kada masu sauraro su yi hamma.

Yaya ya ajiye kayan aiki, ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin sigari, ya ɗora a kan ƙofar tsakaninsu.

"Tunda kin zo, bari in ba ki abin da za ki rubuta. Da, kara uku nake sha a rana. Duk wanda nake so sai na taka har bakin titi wajen mai tebur. Wani lokaci rana ta hana ni, wani lokaci kunyar a ga na sake dawowa. Yanzu kun ce sai kwali. To ga kwali a aljihu, ko tashi ba sai na yi ba. Kara ashirin, kwana biyu yake yi min."

"Goma a rana ke nan?"

"Ke ce mai lissafi. Tambayi wancan mai bakin ma, mai walda, shi da ƙyar yake kai kwana biyun. Takardarki ta tambayi wannan?"

Ba ta tambaya ba. Layi ɗaya ta ba tsofaffin mashaya a rahoton, ta rubuta cewa ba a sa ran wani canji a wurinsu. A ofis ta rubuta shi, ba ta tambayi ko mutum ɗaya ba, alhali nata na bayan asibiti.

"Zan koma rediyon in nemi gafara," ta ce.

"Kul. Ki sake tuna musu da ni? Bar shi ya kwanta."

Washegari ta shiga ofishin Farfesa ta faɗa masa tana son a sake fita bincike. Ya cire tabarau ya murje ido.

"Dakta, dokar nan tana hana yara farawa. Kin san kamfanonin taba jira suke mu yi tuntuɓe. In kika fito da wannan, da shi za su doke mu."

"Na sani, Farfesa. Ban ce a soke ta ba. Amma na rubuta abin da ban auna ba, kuma da sunana."

Sai da suka yi mako suna ja kafin ya ba ta ma'aikata biyu da wata uku. Sakamakon ya fito da fuska biyu. Matasa masu farawa sun ragu, wannan gaskiya ne. Amma cikin masu shan biyu ko uku a rana, da yawa sun ƙara. Ta rubuta duka, ta nemi a buɗe wurin taimakon masu son dainawa a ƙananan asibitoci. Majalisa ta yi godiya, ta ce za ta duba. Wata jarida ta ɗauki rabin da ya yi mata daɗi, na waɗanda suka ƙara sha, ta buga da manyan baƙaƙe, Farfesa ya yi kwanaki yana amsa gaisuwar Auta da ka.

Yaya bai daina sha ba. Matarsa ce ta gaya wa Auta dabarar da ya ɓullo da ita: in ya sayi kwali sai ya kai wa wani tsohon tela a ƙarshen layi ajiya, da sharaɗin kada ya ba shi fiye da uku ko da zai yi kuka. Telan kuwa ba ya sha, ba ya kuma jin magiya. Akwai dogon suna da ake kiran irin wannan dabara ta mai lissafin gobe a littattafan da Auta ta karanta, babi guda aka ware mata, amma ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da ta je gidan, Ummi ce ta kawo mata ruwa. Ta ajiye kofin a ɗan nesa, ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo," ba ta ɗago ido ba. Auta ta kira sunanta, ta ce tana son su yi magana.

"Ina da aikin makaranta," in ji yarinyar, ta shige ɗaki ta saki labule.

Matar Yaya ta ci gaba da ninke wanki. "Ki bar ta tukuna," ta ce. "Ki dai riƙa zuwa."