Sunan da Baba Yake Nema

Babana ya haura saba'in bai san sunan mahaifiyarsa ba. Ta rasu yana ɗan wata bakwai, kakanmu kuwa mutum ne da ko gaisuwa sai da ƙyar take fita daga bakinsa. Bai taɓa ambaton ta ba har ya koma ga Allah. Da ciwo ya kwantar da Baba, sai ya tasa ni gaba da magana ɗaya: yana so ya yi mata addu'a da sunanta kafin nasa lokacin ya zo. Yayyena maza uku kowa ya ce aiki ya sha masa kai. Ni da nake ɗinki a gida, wai ni ce ba ni da abin yi.

Na rufe keke na tafi ma'ajiyar tsofaffin takardu. Ɗaki ne a ƙasan bene, kantoci cike da kundaye har rufi, fanka ɗaya tana juyawa kamar dole aka yi mata. Mai ajiyar, wata dattijuwa da ta ɗaure ƙafar tabaronta da zare, ta tambaye ni shekarar haihuwar Baba. Na karanto mata daga katin fanshonsa.

Kwana uku ina bin rajistar haihuwa da yatsa ina atishawa. Babu Baba, babu kakanmu. Raina ya ɓaci, na ce mata takardun nan nasu ba su cika ba.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "'Yata, shekarun nan da kika kawo, na Allah ne ko na gwamnati?"

Na buga wa Baba waya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ashe shekara huɗu ya zaftare ranar da ya je neman aikin jirgin ƙasa, ya riƙe ƙaryar har shi ma ya yarda da ita.

"Duk haka suke," in ji dattijuwar. Ta sauko da kundin ƙidayar jama'a da aka yi shekara guda kafin ainihin haihuwarsa. Muka bi unguwa, muka bi layi, sai ga gida mai lamba sha tara. Mai gida: kakanmu, kafinta, shekara ashirin da takwas. A ƙarƙashinsa, matarsa, shekara ashirin.

Na karanta sunanta sau uku. Sunana ne. Muka ɗauko rajistar haihuwa ta shekarar gaskiya, ga Baba, ga kuma sunan a gurbin uwa. Na ɗauki hoton shafin.

A gida na tarar da Baba jingine da matashi. Na nuna masa, ya daɗe yana kallo.

"Ranar da aka haife ki," ya ce, "kakanki ne ya zo asibiti ya ce ga sunan da za a sa. Ban tambaye shi dalili ba. Ai ba a tambayar sa." Ya share ido da hannun riga. "Shekara talatin da bakwai ina kiran ta ta kawo mini ruwa."

Tausayinsu ya kama ni, shi da tsohon da ya kasa faɗa. Na miƙe zan ba shi wuri, sai na ji ya kira sunana a hankali.

"Na'am, Baba."

"Ba ke ba," ya ce, ya ɗaga hannuwansa sama.