Minti Ashirin a Kan Totur

Sabon inji yana da doka ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa zama a garejin mijina Orville ya haddace ta. Ranar da aka fara tayar da shi, sai ya yi minti ashirin cur yana gudu, allurar ma'aunin gudun inji a kan dubu biyu da ɗari biyar, ba sassautawa. In aka sassauta, baƙin mai ba zai kai ko'ina ba, ƙarfe ya ci ƙarfe, aikin wata shida ya tashi a banza. Shekara arba'in da shida ni ce mai riƙe totur. Orville yakan ce duk garinmu Bakersfield babu ƙafa irin tawa, kuma iyakar yabon da na taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Injinsa na ƙarshe don motarmu ya haɗa shi, Chevrolet ta 1957, shuɗiya mai farin rufi. Ya faɗaɗa silinda takwas ɗin, ya auna fistin ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayar da zinariya, ya ɗora kafireta biyu. Ya ce sai Asabar za a tayar. Asabar ta zo ya manta, wata ta zo ya manta, har ranar da na same shi da sifana a hannu yana tambayata me ake yi da ita. Shekara uku ke nan. Tun bara sunana ya ɓace daga bakinsa. "Baiwar Allah" yake ce mini, cikin ladabi irin na baƙo, kuma wannan ladabin ya fi mini zagi ciwo.

Ranar Litinin 'yarmu za ta kai shi gidan kula da tsofaffi. Na yarda, don bayana ya gaji da ɗaga shi. Amma na rantse ba zai bar gidan nan ba sai ya ji muryar injinsa. Na kira Wendell, abokinsa kuma abokin hamayyarsa a filin tseren motoci. Ya zo da hantsi, ya sauya mai, ya dudduba, yana ta surutu.

"Nadine, ƙafar nan taki tana nan kuwa, ko ita ma ta yi ritaya?"

"Kai dai kula da kafireta, tsohon banza. Shekara talatin kana shaƙar hayaƙin Orville, yau ka samu bakin magana."

"Ai sau biyu na ci shi."

"Ranar da yake zazzaɓi, da ranar da tayarsa ta fashe. Rufa wa kanka asiri."

Na zaunar da Orville a kujera a bakin gareji, da kofin kofi a hannunsa. Kallon bishiyar lemo yake yi, ko a jikinsa. Na shiga mota, na murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya buɗe murya, har sifanonin da ke rataye a bango suka hau rawa. Na kafa allura inda take zama.

Wanda bai taɓa zama cikin wannan ƙara ba ba zai gane cewa barci take sawa ba. Rurin ya shigo ta kujera, ya bi ƙashin bayana, gareji ya fara narkewa. Sai ga ni a hanyar gonakin itatuwan almon a watan Fabrairu, furanni suna zubowa kan gilashi, farare. Orville yana tuƙi da hannu ɗaya, gashinsa baƙi wuluk, warin fetur da sabulun aski suna tashi daga rigarsa. Ba mu da inda za mu. Hanyar ta yi ta miƙewa, na leƙa ta taga na ga tayoyi sun daina taɓa kwalta, muna tafe a kan furanni. Ya juyo zai gaya mini wani abu.

"Nadine! Ƙafarki! Kashe mini inji za ki yi?"

Na farka. Allura ta sauko dubu ɗaya da ɗari bakwai, na mayar da ita. Ba Wendell ne ya yi tsawar ba, shi bakinsa a buɗe yake kamar kifi. Orville ne tsaye, kofi ya zube a wandonsa, ya dafa gefen mota, ya karkata kai yana saurare yadda ya saba.

"Wendell, matsa can, kunnenka na ado ne. Miƙo sukudireba."

Ya taɓa kafireta ta baya, rabin juyi, muryar injin ta daidaita. Daga nan idonsa ya soma komawa inda yake zuwa, inda ba na iya bin sa. Wendell ya ɗaga mini yatsa uku. Saura minti uku.

Na san doka, ni na koya wa rabin garin nan ita. Na san aikin wata shida ne a ƙarƙashin ƙafata, aikin hannun da ba zai sake yin wani ba. Na kalli allura, na kalli ƙeyar mijina. Na ɗaga ƙafa, da gangan.

"Nadine! Wai me ke damunki yau?" Orville ya daka mini tsawa.

Na taka. Hawaye ya hana ni ganin allura, da kunne na ƙarasa minti ukun.

Da na kashe, shiru ya cika gareji. Wendell ya zaro ma'aunin mai, ya murza a yatsa, ya duba a rana. Babu garin ƙarfe, inji ya tsira. Ya harare ni.

Orville ya koma kujerarsa. Na kawo tsumma ina goge masa wando, ya dube ni cikin ladabin nan nasa.

"Baiwar Allah, wa ya haɗa wannan injin?"

"Wani mutum ne, a nan garin."

"Ya iya aiki." Ya sassauta murya don kada a ji. "Amma ki gaya masa ya sauya mai riƙe totur. Ya nemi matata. Ita ba ta taɓa sassautawa ba."